Ranar da Kakata Ta Kira Sunan Ɗanta

Shekaranjiya jikata ta cusa kanta cikin randar da babu ruwa ta yi kira, randar ta maido mata da muryarta. Ita dariya take yi. Ni kuwa sai da na ajiye tsintsiya na nemi wuri na zauna, don na tuna abin da na daɗe ban tuna ba.

Ina da shekara bakwai ko takwas, lokacin yaƙin Turawa, aka zo ƙauyenmu na kusa da Zakka ɗibar mutane aikin kuza a Jos. Ba a tambayar mutum ko yana so. Aka tafi da mahaifina, aka ce wata huɗu zai yi. Abokan tafiyarsa biyu suka dawo a rame, suka ce sun baro shi kwance, sanyin can ya shige masa ƙirji. Daga nan shiru.

Yamma da mu, inda gonaki suke ƙarewa daji ya fara, akwai wani dutse mai amsa kuwwa. Tsofaffin mata na cewa in an kira matafiyi dutsen ya maido da kiran sau uku, yana raye. In ya yi shiru, a shimfiɗa tabarmin makoki. Kakana malami ne, ya hana kowa a gidan zuwa. "Dutse dutse ne," in ji shi, "rai yana hannun Allah."

Wata safiya, gero ya fara nuna, kakata ta ce in zo in raka ta itace. Ba ta ɗauki gatari ba. Na gane dutsen za mu. Ka san mahaifina ɗanta ne na fari, kunya ba ta barin ta faɗi sunansa. Tun da na yi wayo "yaron nan" kawai nake jin tana cewa. Shi ya sa ta tafi da ni, don bakina.

Raɓa ta jiƙa mana zane har gwiwa. Da muka isa sai na ga dutsen baƙi ƙirin, ya rabu biyu kamar an sara, tsakaninsa wani lungu mai sanyi da warin jemagu. Takun ƙafarmu ma dawowa yake, kamar ana bin mu a baya. Na riƙe zanenta gam.

"Kira shi, 'yar nan."

Na buɗe baki na ce "Baba." Abin da ya fito bai fi kukan ɗan tsako ba. Muka saurara. Dutsen bai ce komai ba. Na duba fuskar kakata, sai na ji kamar ni ce na kashe shi da ƙaramar muryata. Na sake gwadawa, kuka ya riga ni.

Sai ta janye hannuna daga zanenta, ta matsa gaba, ta ɗaga kai. Ta kira sunansa, sunan yanka, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Dutsen ya karɓa ya maido, ɗaya, biyu, na ukun can nesa. Kafin mu sauke numfashi, muryar namiji ta fito daga cikin dutsen.

"Na'am."

Ta zagaya mu ta kowane gefe. Na ji ɗumi yana bin cinyata. Kakata ta durƙushe tana salati, ta danne kaina a ƙirjinta, ina jin zuciyarta kamar ana daka. Na ɗauka mahaifina ya mutu, aljanun dutsen sun ɗauki muryarsa.

Can sai ga wani Bafillace ya ɓullo ta bayan dutsen da sanda a kafaɗa, shanunsa na biye. Ashe sunansu ɗaya da mahaifina. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, lafiya? Na ji an kira ni."

"Ba kai ba ne, ɗana," ta ce. "Amma Allah ya yi maka albarka da ka amsa."

Ya tatso nono a ƙwarya ya ba ni, ya raka mu har bakin gonaki. A hanya ta ce kada in gaya wa Malam, ban kuwa gaya masa ba har ya bar duniya.

Bayan an gama girbi mahaifina ya dawo bisa jakin wasu fatake, da tarin da bai rabu da shi ba sai a kabari. Gida ya ruɗe da koke-koke. Kakata ta kawar da kai tana ci gaba da kaɗin audugarta, ta ce, "A ba yaron nan ruwa."

Yanzu in ɗa ya yi nisa, uwarsa waya take dannawa ta ji muryarsa, ta kira sunansa gatsau, ko na fari ne. Ban ga laifinsu ba. Dutsen kuwa yana nan, sai dai ba mai zuwa. Dajin ya zama na masu bindiga, har gonakin gefensa an bar wa ciyawa. Matan da aka kwashe wa 'ya'ya a can sun fi na zamaninmu yawa, kuma ba su da inda za su je su yi kira.