Inna a Bayan A-kori-kura

A damunar da tafkin dam ya yi toroko, na baro Yelwa da sabuwar motata don in ɗauko Inna daga ƙauyenmu na bakin ruwa, gaba da Wara. Washegari da asuba aka yi wata tsawa da ban taɓa jin irinta ba. Gari ya waye babu sabis, rediyon Inna ya mutu, motar da nake ta yanga da ita kuwa ko tari ta ƙi yi. Wai ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone. Ga ruwa yana ta hawowa, masunta sun ce kafin la'asar zai shanye kwalbatin kan hanya, daga nan kuma ba fita.

Sai ga Kawu, ƙanen Inna, da tsohuwar a-kori-kurarsa ta dakon busasshen kifi. Shekara da shekaru ina yi wa motar nan tsiya. Ba ta da makulli sai waya biyu da ake haɗawa, kuma ba ta tashi sai da turi. Ya dubi tawa, ya dube ni, ya ce, "Malam, tuɓe babbar rigag ga, turi za ka yi."

Na shimfiɗa wa Inna darduma a kujerar gaba, ta ƙi. Na lallaɓa ta, na ce baya ƙarnin kifi ne, na tuna mata ciwon ƙugunta. "Ni baya nika zama," ta ce, ta miƙo hannu a hau da ita. Raina ya ɓaci, na ɗauka rigimar tsufa ce kawai, ga lokaci yana ƙurewa. Ni da masunta muka tura mota ta tashi, na ɗare kusa da Inna, muka jingina da buhunan kifi muna fuskantar inda muka baro.

Kawu bai yi gudu ba, motar ma ba ta iyawa. Mun iske ruwa ya fara hawa kwalbati. Ya sa giya ɗaya ya ratsa a hankali, ina jin ruwan yana bugun ƙarfen da ke ƙarƙashinmu. Gaskiya na ji tsoro. Inna ko ƙasa ba ta duba ba, idonta na kan rumbuna da masallaci da giginyar bayan gidanmu.

Sai da muka hau tudu, giginyar ta ɓace, sannan ta gyara mayafi ta yi magana.

"Lokacin da anka yi dam anka tashe mu daga tsohon gari, ina 'yar yarinya. Gaban mota anka aza ni, barci ya kwashe ni. Koda nit tashi mun yi nisa, daga baya ruwa ya cinye garin. Ban yi mai kallon ƙarshe ba. Wanga karon sai na gani."

Kunya ta rufe ni. Sai na gyara mata buhun da ta jingina da shi.