Sunan da Batulu Ba Ta Kira

Yayata Batulu, can a garin Sara, gwanar saƙar faifai ce, kuma ban taɓa ganin mai kunya irinta ba. Kunyar nan har haushi take ba ni. Ɗanta na fari, Nu'uman, ana yaye shi aka kai shi gidan kawunmu a Birnin Kudu. Ya girma, ya zama direba, ya yi iyali, amma bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take cewa. In ya durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango, mata suna ta yaba mata.

Ciwon nata da ganin jini a bayan gida ya fara. Ta ce basir ne, ta yi ta ɗirkar saiwa da sassaƙe har ta koma kamar kara. Sai da cikin ya toshe Nu'uman ya kwashe ta a motarsa zuwa Kano. Aka ce ciwon dajin hanji ne, aka yanke inda ya ci. Wata likita ta nemi izinin ɗibar tsokar da jininta, wai masu bincike za su karanta ƙwayoyin halittarta kaf, su ga inda suka ɓaci. Batulu ta ce su ɗiba.

Ranar sakamako ita kaɗai ta shiga, Nu'uman yana waje cikin mota. Likitar ta yi mata misali da sana'arta: a cikin tsokar da aka yanke, saƙar ta wargaje, wani layi ya juye, wani ya ninku. Amma akwai layi ɗaya da babu shi har a jininta. Da haka aka haife ta, kuma 'ya'yanta na iya gada. Kowannensu ya zo a duba hanjinsa da na'ura tun ciwon bai kama ba.

Ta fito ta zauna a bayan mota. Daga Kano har Sara tana kallon ƙeyarsa, ba ta faɗa masa sakamakon ba.

Ƙannensa ta tara ta faɗa musu, suka je aka duba su. Shi fa? Yo ta yaya uwa za ta dubi ɗan fari ta yi masa zancen bayan gida? Su kuma ƙannen suka ɗauka yayansu ya sani, shi da yake kai ta asibiti.

Sai bayan damina biyu, tana kwance ba ta ko iya juyi, ta faɗa mini. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Yaya! Kunya ce za ta yi masa magani? Wallahi ko ki faɗa ko ni in faɗa."

Ta ce, "Bari. Daga jikina ya fito, a bakina zai ji."

Da ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, sai ta juyo ta dube shi ido cikin ido.

"Nu'uman."

Ya zabura, ya waiga bayansa, bai yarda muryarta ce ba. Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Yana saurare ina kallonsa, sai a lokacin na lura agogonsa ya yi masa yawa, yana zamewa a hannu. Ashe ya rame haka.

Kansa a ƙasa ya ce, "Inna, ai ni ma tun bara nake shan maganin basir."

Batulu ta sake kiran sunansa, ta kuma kira, tana ta kira har muryarta ta dishe.