Tukunyar da ta hana a shiga ɗakina

Assalamu alaikum. Kusan shekara hamsin ke nan ban buɗe bakina kan wannan magana ba, har a gaban 'ya'yana. Shekaranjiya na je dubiya a Tafa, na tarar da mara lafiyar zaune cikin jikokinta, ɗan injin oksijin rataye a kafaɗarta kamar jakar hannu. Tun da na dawo na kasa sukuni, shi ya sa na ɗauki waya.

Nawa ciwon ya fara ne shekarar da aka kawo naira, lokacin garin nan ana ce masa Abuja, kafin a ba sabon babban birni sunan. Muna zaune a unguwar Wambai, ina goyon 'yata ta fari, watanta takwas.

Tari ne da zazzaɓi. Na sha saiwa, na sha ƙwaya, na ce zai wuce. Sai da ta kai guga ɗaya ba na iya janyowa daga rijiya, leɓena ya canja launi, sannan maigida ya ɗora ni a babbar motar da yake tuƙawa sai Kaduna.

Aka ɗauki hoton ƙirji, aka auna majina sau uku, aka soka min allura tsakanin haƙarƙari aka zuƙe ruwa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Duk gadon da na ga an zagaye da labule, sai in ce saura ni.

Bayan wata biyu likita ya ce wa maigida, "Ciwonta ba ya yaɗuwa. Huhun ne ya gaji, zai warke a hankali. Tunda kana zuwa Kaduna duk mako, ku tafi da tukunyar oksijin guda biyu, kana kawowa ana cikawa. Amma ko ashana kar a ƙyasta kusa da ita."

A lokacin babu wani zaɓi, tukunyar ce kaɗai. Ƙarfe ne baƙi mai tsayin mutum, sai maza uku suke ɗaga shi, robarsa ta sawa a hanci kuma ba ta kai ƙofar ɗaki ba. Keken ɗinkina ne ya tafi wajen cika ta.

Maigida, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ƙara wa magana gishiri. Ya tara matan gidan ya ce, "Wallahi wuta ta kusanci abin nan, unguwar gaba ɗaya za ta tashi." Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Kafin la'asar tukunyata ta zama bam.

Daga nan matan suka ƙara nasu. Wai wadda ta fito daga madafa akwai zafin wuta a jikinta, wai hayaƙin da ke zaninta ma ya isa. To wace mace ce ba ta fito daga madafa ba?

Sai dubiya ta koma bakin ƙofa. "Sannu, ya jiki? Allah ya sawwaƙe." A turo kwanon kunu da sanda, a juya. Ina jin dakansu, ina jin dariyarsu, ni kuwa daga ni sai hucin tukunya. Har hira nake yi da ita.

Yarinyar ta fara rarrafe, tana jan robar. Surukata ta zo daga Lambata, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Zan tafi da ita, kar ta janyo mana masifa. In kin miƙe a dawo miki da ita."

Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. 'Yar fari ce. Ko sunanta ba na faɗa, balle in ce a bar min ita. Na juya fuskata bango na ce, "To, Inna." Aka yaba min, wai ina da kunya.

Wata biyar na yi a ɗakin nan. Duk ranar da maigida ya biyo ta Lambata, ina so in ce yaya take, ta fara tafiya, sai in ce, "Ya su Inna?" Shi kuma ya ce lafiya lau, ya hau ɗaura agogon auna iskar tukunya.

Na warke a hankali. Awa ɗaya babu roba, sai wuni guda, sai ranar da na share tsakar gida da kaina. Aka mai da tukwanen.

Da aka kawo yarinyar, ta ganni ta ƙwalla ƙara, ta ƙanƙame kakarta. Inna ta ce, "Kin ga ta saba, a bar ta." Na sake cewa to. Can ta girma, can aka yi mata aure. Har yau Yaya take ce min.

Na gode wa Allah da ya mai da min numfashina, na gode wa likitan nan da maigida da ya yi ta jigilar ƙarfe bai taɓa yin tsaki ba.

Shawarata, in likita ya rubuta muku oksijin a gida, ku tambayi abin da ya dace da ku. Akwai injin da ke tace iskar ɗaki, amma da wutar lantarki yake aiki, don haka ku ajiye tukunya ko ƙarama ce saboda ɗauke wuta. Akwai mai batir na fita. Ku nemi doguwar roba. Kar ku ƙara iskar ko ku rage da kanku. Wuta, taba da man shafawa mai maiƙo su yi nesa da shi. Amma mutane ba wuta ba ne, ku shiga ku zauna.

Na san 'yar tawa tana karanta abin da nake sawa a nan. Hadiza, ban ba da ke don ba na son ki ba. Kullum a ɗakin nan ke nake son tambaya, bakina ne ya kasa.