Hutun da Ya Fitar da Inna Daga Madina

Tun da Inna, mahaifiyata, ta shigo Madina tana goye a bayan kakata, ba ta ƙara kwana a wani gari ba sai don aikin Hajji. Kowa a unguwarmu ta Ƙurban ya san dalili. A Madina take so ta cika, a binne ta a Baƙi'a. Ko bikin dangi aka yi a garin Yanbu, sai dai ta aika da turare. Mu kuwa mu yi ta tsokanarta, wai dabinon gonakin Awali na Madina ce, inda aka dasa ta nan za ta tsufa.

Wani hutun zafi yarana suka tasa ni gaba sai mun je tsibirin Farasan, don duk 'yan ajinsu sun je sun ɗauko hoto a farin yashi. Babu mai zama da Inna, ƙanwata tana jego. Autata ce ta shawo kan Inna, da Larabci da hawaye. Ban taɓa ganin Inna ta ce wa yarinyar nan a'a ba.

Ranar farko har ƙafa ta tsoma a teku, tana dariya wai ruwan ya fi miyar matata gishiri. Washegari da la'asar bakinta ya karkace, hannun dama ya saki. A asibitin tsibirin aka yi abin da za a iya, aka ce sai an tsallaka teku da ita zuwa garin Jizan. Ranar kuma iska ta tashi, aka tsayar da abbara, babban jirgin ruwan da ke ɗaukar mutane da motoci.

Na yi roƙo a tashar nan har muryata ta dushe. Na bi masunta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nuna mini teku ya girgiza kai. Ga 'yan yawon buɗe ido a gefe suna ƙorafin an ɓata musu shiri. Wallahi da ina da hali da na watsa su cikin ruwan. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, tsoron kada uwata ta mutu a wurin da aka zo wasa.

Da iskar ta lafa muka tsallaka. Likitan Jizan bai ɓoye mini komai ba. In ta zauna akwai ɗan fata, in muka ɗauke ta bai lamunce mana hanya ba, jirgin sama kuma ba zai karɓe ta a haka ba. Inna ta damƙi rigata da hannun hagu.

"Gida," ta ce.

"Inna, ƙasar Allah ai duk ɗaya ce. Ki bari ki ɗan samu sauƙi."

"Halas, magana ta ƙare, ɗan nan. Gida."

Na kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar matata, yara suka takure can ƙurya, na kama tuƙi. Wannan hanya ba ta ƙarewa. Lokaci-lokaci sai in ji muryarta, "Mun shiga?" In ce saura kaɗan, alhali ko Jidda ba mu kai ba. Bayan Jidda tambayar ta fara nisa da juna. Can kuma ta daina. Na ce wa matata, "Tana numfashi?" Ta ce, "Kai dai yi tuƙi."

Da hantsi muka wuce allon da ke nuna iyakar haramin Madina. Na ɗaga murya na ce, "Inna, mun shiga." A madubi na ga matata ta riga ta rufe mata fuska da mayafi.

A Baƙi'a muka binne ta. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa ta dace, Allah Ya cika mata burinta, matata tana sunkuyar da kai tana amin. Ita kaɗai ta san ko kafin allon nan ne ko bayansa. Har yau ba ta faɗa ba, ni kuma na kasa tambaya.