Dattijo Mai Koyon Japananci

Ina tashar Gaya aka bugo mini cewa aminina Mu'azu ya rasu a Ajingi. Na zauna jiran mota.

Kusa da ni ga wani dattijo, farcensa baƙi da man inji, ƙila bakanike ne. Yana ta maimaitawa, "Iku, itta," sannan ya tura saƙon murya, yana cizon leɓe. Amsa ta shigo, cike da dariya. Ya miƙe yana kaɗa hula.

"Japananci ne, ɗana! Bajapanen da ke aiko mini kayan gyara ya ce in bar maganar girmamawa, in yi masa ta abokai. Yau na iya!"

Na tuna da Mu'azu, na ce, "Baba, ka riƙe abokin nan da kyau."

"Ai na riƙe."