Idanun Ummaru Mai Taurari

A Lambara, in ruwan fari ya sauka, ba mai taɓa irin geronsa sai an ji ta bakin Ummaru Mai Taurari. Ba malami ba ne, manomi ne kamar kowa, kallon sama kawai ya gada wurin mahaifinsa. Da asuba yakan zaga bayan gida ya dubi gabas. In kaza da 'ya'yanta, taurarin nan da ke cure wuri ɗaya, sun leƙo kafin gari ya waye, sai ya ce a shuka. In ba su leƙo ba, ruwan yaudara ne, mai garaje ya yi asarar iri.

Abin da gari bai sani ba shi ne, yanar ido ta daɗe da rufe masa gani. Matarsa Kulu ce ke tsayawa kusa da shi da butar alwala a hannu.

"Mi kig gani?"

"Ga kazarka can, ɗiyanta na biye."

Daga nan ya nufi masallaci da ƙafa mai ƙarfi ya sanar. Kulu kuwa, mace mai surutu kamar rediyo, ba ta taɓa ɓarar da wannan ba ko ga ƙawa.

Bana da rani Allah ya karɓi Kulu. 'Yarsu Mufida, mai koyar da Turanci a Boɗinga, ta zo ta zauna da shi. Tsohon ya daina magana, abinci ma sai da lallashi. Wata yamma, don ta ja shi hira, ta ce Turawa na da kalma ɗaya, celestial, mai nufin abin sama. Daga Latin ta fito, tsohon harshen Rumawa, daga sunan da suke kiran sama. Ana faɗinta ga rana da wata da taurari, har ga abin da kyansa ya sa a tuna Aljanna. Ummaru ya gwada faɗi, harshe ya ƙi, ya yi dariyar farko tun bayan rasuwar.

"Ashe su ma suna ɗaga kai," in ji shi.

Sai ruwa ya sauka. Da asuba ya kama hannun Mufida suka zaga bayan gida. Ta duba iyakar dubawa, taurari rututu, ba ta san wanne ne wanne ba. Ya kwatanta mata, ta sake dubawa, har gabas ta yi ja. Ta fashe da kuka. Zuciyarsa ta karye, don ya san laifin ba nata ba ne, ba a taɓa nuna mata ba.

Da ya so, da ya yi cinke kawai, ba mai musa masa. Amma irin da ke rumbunan mutane shi ke nan gare su.

A ƙofar masallaci manoma na jira. Maƙwabcinsa Ladan ya ce, "Baba Ummaru, mu shibka?"

Ummaru ya dogara da sandarsa ya ce:

"Ban sani ba. Na yi shekaru ban ga tauraro ba, Kulu ce ka gani, ni in faɗi. Idanun da kuka jira, ku da kanku kunka ɗauke su da rani, kunka rufe."