Ƙwan Kwaɗi a Galan ɗin Aro

Akwai wata Laraba da har yau ta ƙi barin zuciyata. A shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da fari ya haɗu da rage ma'aikata. Ina mataki na uku na albashi, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata makarantar kimiyya a yankin Dawakin Tofa. Aikina wanke kwalabe, goge madubin ƙara girma, da nemo duk abin da malami zai nuna wa ɗalibai.

Malamin bayolojinmu shi ne Malam Sabo, siriri, mai yawan tari, wanda bai iya faɗa ba. Burinsa ɗaya ne, ɗalibansa su ga ƙwan kwaɗo yana rabuwa da idonsu. Ƙwan baƙi ne, ƙarami kamar ƙwayar gero, a jere cikin igiyar yauƙi. Ba ya daɗewa bayan kwaɗo ya zuba shi sai layi ya tsaga shi biyu, sannan huɗu, sannan takwas, har a kai ga talibambam. Malam yakan ce mu ma haka muka faro a cikin iyayenmu mata, da ikon Allah. Sai dai dole a ɗebo shi da sassafe bayan ruwa mai ƙarfi, kuma damina biyu kududdufanmu ba su tara abin kirki ba.

A wannan shekarar sunansa ya fito cikin waɗanda za a sallama. Juma'a zai miƙa makullai. Ranar Talata aka sheƙa ruwa, ya same ni ya ce, "Malam Garba, gobe ka taimake ni. Wannan damar ce kaɗai ta rage mini."

Ina idar da sallar asuba na hau keke zuwa wani kududdufi a hanyar Tofa. Ga ƙwai nan jingim. Bokitin makaranta ya daɗe da hujewa, ni kuma da gaggawata ban ɗauki komai ba. Wani manomi ya ara mini galan, irin wanda kowane gida ke ajiyewa don ba a yar da mazubi a ƙauye. Na ɗauraye shi sau biyu, na cika, na taho ina jin kaina kamar na ci gari.

Ɗalibai 'yan aji huɗu suka yi layi. Malam ya ɗora ƙwan a madubi, ya duƙa. Bai ga layi ba. Ya canza wani, ya sake canzawa. Har azahar ko ɗaya bai tsage ba, sai ma suka fara yin toka-toka. Can ya ɗauki galan ɗin ya shinshina, ya daɗe riƙe da shi.

"Maganin feshin wake aka taɓa zubawa a ciki," ya ce a hankali, yadda yara ba za su ji ba.

Na ce, "Malam, wallahi na wanke."

"Na sani. Ni ne ban gaya maka wanki ba ya fitar da dafinsa ba."

Ya juya ya ce wa ɗalibai ƙwan ne bai yi kyau ba bana. Ya ɗauki alli ya zana da'ira a allo, ya raba ta biyu. Ni dai fita na yi bayan aji na yi kuka, da gemuna.

Washegari na koma da sabuwar ƙwarya, amma rana ta shanye ruwan, ƙwan ya bushe a kan taɓo. Ba a sake ruwa ba sai bayan ya tafi. Kafin kaka aka aiko mana da rasuwarsa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙa tambayar abin da mazubi ya taɓa ɗauka, ko da yana walƙiya. Malami da mu yake tsayawa gaban aji, in muka yi sake shi ke jin kunya. Na yi shekaru bayansa ina kawo ƙwai, ɗalibai da yawa sun ga layin nan yana tsagawa. Duk sanda wani ya ɗago daga madubi yana murmushi, sai in tuna mutumin da ya rufa mini asiri a ranar da na hana shi abu ɗaya da ya roƙe ni.